Masana'antar da Aka Ƙera Tsafin Harry Potter

A arewa maso yammacin Landan, kusa da garin Watford, akwai wani wuri mai suna Leavesden. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu jiragen saman yaƙi ake haɗawa a nan. Daga baya kamfanin Rolls-Royce ya riƙa ƙera injinan jiragen sama har zuwa farkon shekarun 1990, lokacin da ya rufe masana'antar. Manya-manyan rumfunan suka zauna ba kowa, har masu shirya fim suka ga dama ta samu. A nan aka ɗauki fim ɗin James Bond mai suna GoldenEye na 1995, a nan kuma aka shirya finafinan Harry Potter guda takwas da suka fito tsakanin 2001 da 2011. Kamfanin Warner Bros. ya sayi wurin a 2010, sannan a ranar 31 ga Maris 2012 ya buɗe wani sashe nasa ga masu ziyara.

Galibin masu kallo, idan suka ga yaro ya hau tsintsiya ya tashi sama, cewa suke yi aikin kwamfuta ne kawai. Wanda ya zaga wannan wuri zai gane cewa kafin a zo kan kwamfuta, kafintoci da maƙera da teloli da masu fenti sun riga sun sha wahala.

Da babban zauren cin abinci na makarantar Hogwarts ake fara ziyarar. Daɓensa dutse ne na gaske, irin na yankin York, domin Stuart Craig, wanda ya tsara fasalin gine-ginen fim ɗin, ya san ɗaruruwan yara za su yi shekaru suna tattaka shi. Amma idan ka ɗaga kai ba za ka ga rufin nan mai taurari da ake gani a fim ba, sai ƙarafa da fitilun ɗaukar hoto. Kyandirorin da ke shawagi a sama kuwa, da farko da siraran wayoyi aka rataye su, wuta na ci. Zafi ya riƙa tsinka wayoyin suna faɗowa kan tebura, dole aka haƙura aka miƙa wa kwamfuta aikin.

Dabarar da aka yi wa Hagrid, ƙaton nan mai gemu, ita ce ta fi burge ni. Robbie Coltrane ne ya fito a matsayinsa, amma tsawonsa bai kai yadda labarin ke buƙata ba. Sai aka gina bukkarsa iri biyu: wata da ƙananan kujeru da kwanuka, inda shi zai zauna ya yi kama da basamude, wata kuma da manyan kaya, inda yaran za su zama 'yan mitsi-mitsi. Idan za a nuna shi daga nesa, tsohon ɗan wasan rugby na Ingila, Martin Bayfield, mutum ne dogo ƙwarai, shi ke saka kayan, a ɗora masa kan roba mai na'ura a ciki, mai motsa ido da baki. Ido yana auna girman abu ne da abin da ke kusa da shi, su kuwa masu fim sun san wannan raunin sarai.

Tashi a kan tsintsiya ma sai da ƙarfe. Ana kafa tsintsiyar a kan wata na'ura mai karkata dama da hagu, a kunna fankoki su riƙa kaɗa gashi da riga, a baya kuma a shimfiɗa koren kyalle. An zaɓi kore ne saboda ya yi nisa da launin fatar mutum, don haka kwamfuta na iya share shi tsaf ta sa gajimare ko filin wasa ba tare da ta ci fuskar ɗan wasan ba. Wanda ya shiga gaban kyallen da koriyar riga, jikinsa ma ɓacewa zai yi, kuma da haka aka yi mayafin ɓacewar nan na Harry.

Akwai kuma aikin da kyamara ba ta ma tsayawa a kansa. Littattafan da suka cika ofishin Dumbledore, shugaban makarantar, kundayen lambobin tarho ne da aka yi wa bangon fata. Shagon sandunan tsafi ya ci kwalaye sama da 17,000. Dabbar nan Buckbeak, mai kan gaggafa da gindin doki, ɗaya bayan ɗaya aka liƙa mata gashin fuka-fukanta da hannu. A ganina wannan ba ɓarnar kuɗi ba ce, domin ɗan wasan da ke tsaye cikin ɗakin da ya cika da kayan gaske ya fi saurin shiga cikin labarin, mai kallo kuma yana jin haka a jikinsa.

Dab da fita ake iske fadar Hogwarts kanta. Samfuri ce da aka rage girmanta sau 24, faɗinta kusan ƙafa 50, da ƙananan fitilu fiye da 2,500 a tagoginta. Ita aka riƙa ɗauka a finafinai shida na farko. A fim na ƙarshe, da labari ya kai ga yaƙin da za a ragargaza makarantar, sai aka sake gina ta a cikin kwamfuta, inda za a iya rusa ta sau nawa aka ga dama, kuma a kan ma'aunin wannan samfuri na hannu aka ɗora ginin.