Kafin Alhaji Ya Sayi Gida A Ƙasar Waje

Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, ba a rasa attajiri a Gombe, ko a Tudun Hatsi ko a babbar kasuwa, mai tunanin adana dukiyarsa a gida can ƙasar waje. To, jama'a, a yi hattara.

Dubai ta yarje wa baƙi mallakar gida a 2002, amma a 2009 farashi ya karye da kusan rabi, gine-gine suka tsaya cak da kuɗin mutane a ciki. A Khartum kuwa, yaƙin 2023 ya raba dubbai da gidajensu.

Saboda haka, kafin Alhaji ya zaɓi ƙasa, ya binciki dokarta, da harajinta, da zaman lafiyarta. Rigakafi ya fi magani.