Yammacin Laraba a Briqueterie

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

Yau shirinmu na musamman zai kai mu Yawunde, babban birnin Kamaru, cikin unguwar da ake rubuta sunanta Briqueterie, mutanen gari kuwa su gutsure shi su ce Birik. Duk wanda ya taɓa zuwa, da ya ji sunan ƙamshin tsire ne zai fara dukan hancinsa, domin akwai inda masu tukuba suka jeru har 'yan gari suka laƙaba wa wurin suna ma'aikatar tsire, kamar wata ma'aikatar gwamnati mai minista. To, mu dai ba nama ya kai mu ba. Yara 'yan makaranta muka biyo.

Sunan unguwar na Faransanci ne, ma'anarsa wurin gasa tubali, kuma ya samo asali ne daga wata masana'antar tubali ta zamanin Jamusawa, waɗanda suka kafa sansaninsu a Yawunde a ƙarshen shekarun 1880. 'Yan ƙasa, wato Ewondo, Ekoudou suke kiran wurin, har gobe kuwa akwai makarantar firamare ta gwamnati mai wannan suna. Fatake Hausawa sun gangaro nan ta hanyar Adamawa, ta Tibati da Yoko, suna neman goro da hauren giwa, wasu suka sauke kaya ba su sake ɗauka ba. Daga baya Fulani suka ƙaru, da Barebari, da Bamun na Fumban, da baƙi daga Nijar da Najeriya da Mali da Senegal. Da layin dogo ya isa Ngaundere a 1974, Arewa ta ƙara matsowa kusa. Unguwar tana tsakiyar birni, kusa da kasuwar Mokolo da Tsinga da katafaren zauren wasanni na Warda da aka buɗe a 2009, amma zamanta na ƙaramin gari ne. Kowa ya san ɗan wane, kowa ya san wanda ya ci jarrabawa da wanda aka maimaita wa aji.

(Sautin yara suna karatun allo)

Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa. Yaron Birik kuwa kullum biyu yake tauna. Da an sallame sallar asuba yana zauren malam da allonsa. Kafin ƙarfe bakwai ya wanke ido, ya kurɓi koko ko shayi da burodi, ya zura kayan makaranta, domin bakwai da rabi ake shiga aji, mai makara kuma ya san abin da ke jiransa a bakin ƙofa. Idan Litinin ce a yi layi a ɗaga tuta a rera taken ƙasa. Ya yini yana Faransanci da lissafi da Ingilishi, a tashe shi da rana ta karkata, ya dawo ya ci abinci, bayan la'asar ko bayan magariba ya sake komawa gaban malam. Aikin gida na boko sai dare, idan akwai wuta.

Ku lissafa harsunan da ke bakin yaron nan. Hausa ko Fillanci a ɗakin uwarsa, Larabci a allo, Faransanci a aji, Ingilishi a matsayin darasi, da yake ƙasar harsuna biyu take aiki da su a hukumance. Idan ya fita fili da abokai kuma sai wannan gaurayen yaren samarin birni da suke kira Kamfarangile, wanda iyaye kan tsaya sororo in ana yinsa a gabansu. Abin da ke ɗan sosa mini rai, a faɗa a wuce, shi ne Hausar da ya fi ƙwarewa a kai ita ce ba ya iya rubutawa. Ya turo maka saƙo a waya da Hausa amma da ƙa'idar rubutun Faransanci, sai ka karanta sau uku kafin ka gane gaisuwa ce.

Kalandar makarantun biyu ma ba ta jituwa. Makarantar allo Alhamis da Juma'a take hutu, ta boko kuwa Asabar da Lahadi. Ranar Juma'a ana kiran salla a babban masallacin unguwa ko a na Tsinga, ɗalibin sakandare yana zaune gaban allon malamin lissafi, fitarsa kuma ta danganta da irin makarantar da shugabanta. Wannan tsaka mai wuya ce ta haifar da makarantun da ake kira na Faransanci da Larabci, inda ake haɗa manhajar gwamnati da karatun addini a rufi ɗaya, aikin da ƙungiyar raya al'adun Musulunci ta Kamaru, ACIC, ta sa hannu a kai tun shekarun 1960. Sun rage wa iyaye da yawa zullumi. Amma yara masu yawa har yanzu hanya biyun nan suke bi kowace rana.

(Kiɗan ganguna na fareti, a taƙaice)

Yanzu mu zo ranar Laraba, wadda saboda ita muka shirya wannan shiri. A Kamaru, ranar Laraba da tsakar rana ake tashi daga makaranta. An bar yammacin ne domin abin da ba ya cikin littafi: wasanni da ƙungiyoyin ɗalibai. A makarantun sakandare za ka tarar da ƙungiyar 'yan jarida masu tattara labaran makaranta su karanta a gaban taro, da ta wasan kwaikwayo, da ta lafiya, da ta harsuna biyu inda ɗan Faransanci ke karya harshe da Ingilishi ana dariya. Akwai kuma majalisar ɗalibai, wadda ake zaɓen shugabanta da ƙuri'a, da yaƙin neman zaɓe da alkawura, kai ka ce kujerar magajin gari ake nema. 'Yan gudu da 'yan ƙwallo suna atisaye domin gasar makarantu ta ƙasa, FENASCO, wadda ake farawa daga ƙaramar hukuma har a kai matakin ƙasa baki ɗaya.

A nan ne yaro yake koyon tsayuwa gaban mutum ɗari ya yi magana gwiwarsa ba ta kaɗa ba. A nan yake koyon riƙe kuɗin ƙungiya ya kawo lissafi, da rubuta takardar neman izini zuwa ga shugaban makaranta, da shan kaye a zaɓe ya miƙa wa abokin takara hannu. A nan ɗan Birik yake abota da ɗan Ewondo da ɗan Bamileke da ɗan Bamenda, abotar da wata rana ita za ta buɗe masa ƙofar wani ofis.

To amma a gidaje da yawa na unguwarmu, yammacin Laraba sunansa rarar lokaci. An tashi da wuri? Alhamdu lillahi, maza ka wuce shago ka karɓi babanka ya je salla. Ke kuma ga wanke-wanke, ga tallan da ba a fita da shi ba. Idan yarinya ta ce, "Inna, yau muna da taron ƙungiya," amsar da ta fi saurin fitowa ita ce, "Taron me? Karatun ne bai ishe ku ba sai an haɗa da wasa?" Ban ga laifin Inna gaba ɗaya ba. Tana tsoron abin da idonta bai gani ba, birni ne babba, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya faɗa mata abin da ake yi a can. Shagon ma makaranta ne. Yaron da ya tashi a gaban keken ɗinki ko teburin atamfa a Birik ya iya ciniki da harshe uku tun bai kai shekara goma sha biyu ba, kuma telolin unguwar nan sun ɗinka wa manyan ƙasar riguna. Sai dai shagon yana nan Asabar, yana nan Lahadi, yana nan dogon hutu. Yammacin Laraba kuwa sau ɗaya yake zuwa a mako.

Wanda yake son ganin amfanin abin ya zo Yawunde a farkon Fabrairu. Ranar 11 ga wata ita ce ranar matasa, ana bikinta tun 1966, kuma ranar ta yi daidai da ta ƙuri'ar raba gardama ta 1961, wadda a cikinta kudancin Kamarun Ingila ya zaɓi haɗewa da Kamaru, arewacinsa kuma ya zaɓi Najeriya. Masu sauraronmu na Mubi da Gembu, tarihinku ne wannan. Mako guda kafin ranar makarantu sun rikice da gasar kacici-kacici da raye-rayen gargajiya da share unguwa da atisayen maci. Daren 10 ga wata shugaban ƙasa ya yi wa matasa jawabi, washegari a yi fareti a babban titin 20 ga Mayu. A makon ne ake cewa kowane ɗalibi ya zo da shigar garinsu da abincin garinsu. Sai ka ga ɗan Birik ya fito da babbar riga da hula, 'yar Birik da lalle da kwanon fura ko dambu, 'yan ajinsu suna layin ɗanɗanawa. Yaron da ya saba jin ana kiransa ɗan mai tsire cikin zolaya, ranar nan shi ake tambaya yadda ake kilishi.

(Sautin filin ƙwallo da usur)

Dogon hutu, daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Satumba, labarinsa daban ne. Samari su shirya gasar ƙwallo ta hutu tsakanin layi da layi, su bi 'yan kasuwa da takarda ana tara kuɗin kofi da riguna, duk filin da ya samu a kafa raga. Ɗaliban jami'ar Yawunde ta ɗaya da ke Ngoa-Ekelle da ta biyu da ke Soa, wasunsu a ƙarƙashin ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Kamaru, CAMSU, sukan tara ƙannensu su yi musu bita. Wasu yaran kuma hutun nan a bakin titi suke yinsa da farantin gyaɗa ko dafaffen ƙwai a ka, suna tara kuɗin littattafan Satumba, ga motocin haya masu ruwan ɗorawa da 'yan babur suna wucewa ta gefen ƙafarsu.

Satumba kuwa wata ne mai nauyi. Tun shekarar 2000 aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati, amma ba a soke littafi da jaka da kayan makaranta ba, ba a kuma soke kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai ba, wadda ake kira APEE. Mata su kwashi adashi, teloli su kwana a kan keke kamar jajibirin salla, ruwan sama yana zuba a kan kwano.

Wannan kuɗi na APEE, da shi ake gyara benci, a yi rufi, a biya malaman da gwamnati ba ta ɗauka ba. Iyaye ne suke zaɓen shugabannin ƙungiyar, a gabansu ake karanta yadda aka kashe kuɗin. Alhaji zai biya, ba ya ko neman ragi. Amma ranar taro sai ka nemi hularsa a zauren ka rasa. Wani ya ce Faransancinsa bai kai ba, wani ya ce kasuwa ba ta barinsa. Sai a yanke shawara a kan ɗansa ba ya nan.

Ku kwatanta da ranar da yaron nan ya sauke Alƙur'ani. An yi masa allon zayyana, an yanka rago, an dafa abinci tukunya-tukunya, an rufe layi da rumfa, dangi sun zo daga Duwala da Garwa, malam ya sha addu'a da alheri. Haka ya kamata, Allah Ya ƙara albarka. Unguwa ta ɗauki makarantar allo tata ce, shi ya sa ba ta taɓa barinta ta faɗi ba, ba da tallafin kowa ba. Makarantar boko kuwa har yanzu wasunmu kallon kayan gwamnati suke yi mata, wurin da ake aika yaro da safe a karɓo shi da yamma. Alhali yaron ɗaya ne, kuma tsanin da ke gabansa dogo ne: CEP a ƙarshen firamare, BEPC bayan shekara huɗu a sakandare, sannan Probatoire, sannan Bakaloriya. Ɗalibin da ya haye wannan tsani duka, ya cancanci a ce unguwa ta san da shi, ko da lemo ne da cincin a ƙofar gida.

Akwai ma abin da ke tare yaro tun a matakin farko, kuma ba laifinsa ba ne: takardar haihuwa. An yi suna, an yanka rago, an raɗa masa Muhammadu ko A'ishatu, ba wanda ya je ofishin magajin gari. Shekaru su wuce, yaro ya kai ajin ƙarshe na firamare, a zo rajistar jarrabawar CEP a ce ina takarda. Daga nan sai zirga-zirgar kotu da kashe kuɗi kafin a samo hukuncin da zai maye gurbinta, wani kafin a gama an rufe rajista. Liman da ya raɗa suna, da zai ƙara da tambayar uban jariri ko an yi rajista, da an huta da wannan.

(Kiɗa a hankali)

Saboda haka iyayenmu na Birik, da na Tsinga da Mokolo, da duk inda muryarmu ta kai, roƙonmu kaɗan ne. Baba, idan takardar taron iyaye ta zo, a rufe shago na awa biyu a je. In Faransanci ne matsala, a tafi da babban wa ko ɗalibin jami'a na maƙwabta ya yi tafinta. Inna, idan yarinya ta ce tana da ƙungiya ranar Laraba, a tambaye ta sunan malamin da ke kula da su da lokacin tashi, in hali ya yi a raka ta sau ɗaya a gani da ido. Malamanmu na zaure, ku ma a ɗaga wa almajiri ƙafa a wannan yammaci, ya biya karatunsa bayan magariba. Wanda kuma aka yi wa haihuwa a makon nan, Allah Ya raya, amma kafin a ci naman suna a leƙa ofishin magajin gari na Yawunde ta biyu a yi wa jariri takarda.