TSOHUWAR VESPA DA SABUWAR WUTA

A watan Afrilu na shekarar 1946 ne kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ya yi rajistar babur ɗin da injiniya Corradino D'Ascanio ya zana masa. An sa masa suna Vespa, wato zanzaro a harshen Italiyanci, saboda siririn ƙugunsa da ƙarar injinsa. Daga masana'antar Pontedera ya bazu cikin duniya. An ƙera shi a Faransa, a garin Fourchambault, an ƙera shi a Indiya, kuma a shekarun 1970 ya zama abin hawan malaman makaranta da ƴan kasuwa a ƙasar Hausa, inda aka fi saninsa da Besfa. Da yawa daga cikin waɗannan babura suna nan jingine a zaure. In an bincika, sau da yawa injin lafiyarsa lau. Wuta ce ta gaza.

Tsohuwar Vespa ba ta dogara da batiri ba. A gefen injin akwai faifai mai nauyi, mai maganaɗisu a ciki, yana juyawa kewaye da naɗaɗɗun wayoyi. Nan wutar take samuwa, bolti 6 kacal. Mai yanke lokacin da buji zai ba da tartsatsi kuwa wasu ƴan ƙarafa biyu ne masu haɗuwa suna rabuwa, waɗanda ake kira vis platinées da Faransanci. Tsakaninsu bai kai rabin milimita ba. Kowane juyi na inji sai sun buɗe sun rufe, saboda haka suna cinyewa, suna ƙonewa, ƙurar hunturu tana shiga tsakaninsu. Da sun goce, lokacin tartsatsi ya goce. Shi ya sa mai babur zai yi ta taka sandar tayarwa da safe har gumi ya jiƙa masa riga.

Fitila ma haka. Ƙarfinta yana bin gudun inji: in an rage gudu a kan kwana, sai ta dushe, daidai lokacin da ake bukatar a hango amalanken jaki da ba shi da fitila.

Piaggio da kansa ya nuna mafita. A 1977 ya fito da jerin PX, kuma babbarsu, P200E, ta zo da tartsatsi na lantarki, babu ƙarafan nan masu gogayya. Wata ƴar akwati ce, CDI, take tara wuta, wani ɗan naɗin waya yana sanar da ita matsayin fistan, sai ta sake ta gaba ɗaya zuwa buji. Babu abin da ke taɓa wani, don haka babu abin da ke cinyewa. Wannan tsari ne ake ɗora wa tsofaffin babura: sabon faifai, sabon farantin wayoyi mai bolti 12, akwatin CDI, da na'urar daidaita wuta wadda ke hana ƙwan fitila ƙonewa in an ba da wuta sosai.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Da farko, kaurin sandar da faifan yake zama a kanta ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri. Wanda ya sayi kaya bai auna ba ya yi asarar kuɗinsa. Na biyu, ana ciro faifan da abin jansa na musamman. Makanikin da ya ɗauko guduma, a karɓe babur daga hannunsa, domin sandar in ta lanƙwashe sai an buɗe inji duka.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen saita lokaci. Tartsatsi yana zuwa ne jim kaɗan kafin fistan ya kai ƙololuwa, kuma a manyan injinan Vespa wannan tazara tana bambanta gwargwadon samfuri. In aka sa shi ya yi sammako fiye da kima, babur zai tashi da taka ɗaya, ya yi ƙara mai daɗi, mai shi ya biya ya tafi yana murna. Amma injin yana ɗaukar zafi, kuma injin Vespa iska ce kaɗai ke sanyaya shi, daga fukafukan faifan nan. A zafin watan Afrilu, kan doguwar hanya kamar ta Maraɗi zuwa Damagaram, fistan yana iya hujewa a tsakiyar daji. Saitin ido da kunne bai isa ba. Ana yin alama a jikin faifai, a duba da fitilar saiti mai walƙiya alhali inji yana aiki.

Sai ƙananan abubuwa. Duk ƙwan fitila na bolti 6 a canza shi, in ba haka ba zai ƙone nan take. A wasu tsofaffin samfura, makunnin fitilar birki yana aiki ne a juye, yana yanke waya maimakon ya haɗa, kuma dole a musanya shi. Wayoyin da suka shekara hamsin cikin gangar jiki robarsu ta bushe ta tsattsage. Ɗora musu sabon kaya kamar zuba ruwa ne a fasasshen tulu. Kada kuma a taka inji alhali an cire hular buji tana lilo, domin hakan yana kashe akwatin CDI.

Akwai hasara ɗaya da ya kamata a sani. Tsofaffin ƙarafan in sun ƙi a hanya, ɗan goga da takarda mai kaushi yakan isa a kai gida. Akwatin CDI in ta mutu, ta mutu. Masu doguwar tafiya sukan ajiye ta biyu a cikin akwatin kayan aiki, tare da buji. Tsohon faifai da farantinsa kuma a nannaɗe su cikin tsumma mai mai a adana, domin masu tara tsofaffin Vespa sukan tambayi kayan asali kafin su yi ciniki.