Fatsa A Teku: Sai Da Sanda Ta Gari Da Birki Daidai

DUK wanda ya taɓa zama bakin rafi a ƙasar Kauru da fatsa a hannu ya san cewa idan babbar tarwaɗa ta haɗiye koto ba a fizge ta da ƙarfi. Masunci yakan sassauta zaren ne yana zarewa ta tsakanin yatsunsa, ya bar ta ta yi ta gudu har ta gaji, sa'an nan ya jawo ta gaɓa a hankali. To, wannan dabara ce Turawa suka mayar cikin ƙarfe, watau birkin kwarkwaron da ake naɗe zaren fatsa a jikinsa, kuma da shi ake kokawa da manyan kifayen teku.

Nijeriya dai tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, kuma duk ɗan Arewan da neman abinci ya kai shi Legas ya shiga jirgin masu fatsa, zai tarar kifin can ba irin na gida ba ne. Giwan ruwan da ya ci gasar Argungu a 2005 kilo 75 ne, amma a 2003 an kama wani kifi da ake kira tafon a tekun Gini Bisau wanda ya kusa kilo 130, da sanda da zare kawai.

Yaya zare siriri zai riƙe irin wannan ƙato? Asirin yana wurin birki. Kowane zare akwai nauyin da aka rubuta cewa a nan zai tsinke, kuma ƙa'idar gwanaye ita ce a ɗaure birki a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na wannan nauyi. Misali, zaren da ke ɗaukar kilo 24, sai a sa kwarkwaro ya fara saki da zarar ja ya kai kilo 6 zuwa 8. Ba a yin wannan da ƙiyasi. Ana zura zaren ta zobban sanda, a ɗaura bakinsa a ma'aunin rataye irin na mahauta, a ja har kwarkwaro ya juya, a duba inda allura ta tsaya.

Mai karatu zai ce, don me za a bar sauran ƙarfin zaren a banza? Ai ba a banza yake ba. Ƙulli yana rage ƙarfin zare, ruwa kuma yana jan duk abin da kifi ya kwance. Bugu da ƙari, yayin da zare ke raguwa a kwarkwaro birkin ƙara tauri yake yi da kansa, har idan kaurin naɗin ya koma rabi, jan ya ninka biyu. Saboda haka wanda ya ga zarensa na ƙarewa ya firgita ya ƙara matse birki, shi ya tsinke zarensa da hannunsa, ya yi hasarar kifi da ƙugiya da kuɗin man jirgi gaba ɗaya.

Game da sanda kuwa, a bakin rafi doguwa ake so don a wurga koto nesa, amma a cikin jirgi gajera mai ƙwari ta fi, daga ƙafa 5 da rabi zuwa ƙafa 7, domin doguwar sanda kifi take ba rinjaye a kan kafaɗun mai ita. A jikin kowace sanda an rubuta nauyin zaren da ya dace da ita, kada a haɗa ta da wanda ya fi ƙarfinta. Ta faiba ta fi nauyi amma ta fi jure wahala, ta girafait kuwa ba ta da nauyi, sai dai saurin karyewa idan ta bugu.

Har ila yau gishiri abokin gaban ƙarfe ne. Da an dawo gaɓa a ɗauraye kayan da ruwan daɗi, a shanya, sa'an nan a kwance birki don kada fayafayansa su manne.

Masu iya magana sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. A rafin Kauru ko a tekun Legas, wanda ya iya sakin zare shi ke komawa gida da kifi. Allah Ya ba mai nema sa'a.