Tara Tsofaffin Sulalla: Sha'awa Ce Ko Kuwa Neman Riba?

Da wuya a sami gidan dattijo a ƙasar nan wanda ba a ajiye wani kwabo mai huji ko anini a ƙasan adaka ba. Sau da yawa kuwa magada idan sun ci karo da irin waɗannan kuɗi, sai su ɗauka sun tsinci dami a kala, saboda labarin da suke ji cewa Turawa na sayen tsohon kuɗi da tsada. Labarin gaskiya ne, to amma ba kowane tsohon kuɗi ake nufi ba.

Kuɗin da ya fi kowane tsada a tarihin gwanjo shi ne wata kwandalar zinariya ta Amurka, ta dala 20, bugun 1933. An buga guda 445,500, amma kafin a fitar da su Shugaba Roosevelt ya hana jama'a ajiye zinariya, aka narkar da kusan dukkansu. Ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da suka tsira ta faɗa hannun Sarki Faruk na Masar, daga baya ta ɓace shekara da shekaru. A 2002 wani attajiri mai kamfanin takalma, Stuart Weitzman, ya saye ta dala miliyan 7.59, ya sayar a 2021 a kan dala miliyan 18.9. Wanda ya ji wannan adadi zai riƙe baki. Amma idan aka raba ribar bisa shekaru 19 da ya yi yana ajiye da ita, ba ta kai kashi biyar cikin ɗari a shekara ba, ban da la'adar 'yan gwanjo da kuɗin tsaro. Wannan fa ita ce sarauniyar sulallan duniya.

Abin da ke sa kuɗi tsada shi ne ƙarancinsa da kuma lafiyar jikinsa, ba yawan shekarunsa ba. Misali na kusa shi ne na Sarki Edward na Takwas, wanda ya hau gadon sarautar Ingila a 1936 ya sauka kafin shekarar ta ƙare. A Ingila ba a kai ga fitar da kuɗi da sunansa ba, sai 'yan samfuri kawai, shi ya sa a 2020 aka sayar da fam ɗaya na zinariya mai hotonsa a kan fam miliyan ɗaya. A Afirka ta Yamma kuwa, hukumar kuɗin da Turawan mulki suka kafa a 1912 ta riga ta buga kwabo da ɗari da anini masu ɗauke da sunan wannan sarki, miliyoyi a kan miliyoyi, suka bazu a kasuwannin Kano da Ikko da Ankara. Sarki ɗaya, shekara kusan ɗaya, amma namu bai wuce 'yan daloli ba a wurin dillalai.

Haka nan liyari, watau azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya, wadda fatake suka shigo da ita ta hamada, mata kuma suka mai da ita abin wuya. Mai ita yakan ga 1780 a jikinta ya ce ta shekara ɗari biyu da wani abu. Alhali kuwa tun rasuwar sarauniyar a wannan shekara ake ci gaba da buga ta da lambar 1780, har an buga fiye da miliyan 300. Galibinsu darajarsu ta tsaya ne a nauyin azurfar da ke jikinsu.

A nan ne halin masu saye ya rabu. Mai neman riba yakan shigo kasuwa lokacin da farashi ya riga ya tashi. A watan Janairu na 1980, sa'ad da 'yan gidan Hunt na Teksas suka yi ta tara azurfa, oza ɗaya ta kusa dala 50, jama'a suka yi rububin sayen sulallan azurfa. Kafin ƙarshen Maris ta faɗo ƙasa da dala 11. A ƙarshen shekarun 1980 ma wasu manyan kamfanonin hannun jari a Amurka sun zuba dukiyar mutane a tsofaffin sulalla, farashi ya kai ƙololuwa a 1989, sa'an nan ya rushe.

Mai sha'awa kuwa tafiyarsa daban ce. Yakan zaɓi fanni guda, kamar kuɗin Nijeriya daga na farko da Babban Banki ya fitar a 1959 zuwa canjin naira da kwabo na 1973, ya riƙa cike gurbi ɗaya bayan ɗaya daidai ƙarfin aljihunsa. Yana duba ƙananan haruffan H da KN da ke nuna wace ma'aikata ce ta Birmingham ta buga kwabon, yana karanta rubutun Larabcin da ke jikin anini. Abin mamaki, irin wannan mutum ne ya fi dacewa da ribar, domin ya san abin da yake saye, dillali kuma ba ya iya yi masa rufa-rufa da jabu.

Babbar ɓarnar da magada ke yi ita ce wanke kuɗin da toka ko lemon tsami don ya yi ƙyalli kafin a kai shi kasuwa. Masana suna auna lafiyar kwandala da ma'auni daga 1 zuwa 70, kuma da zarar sun ga alamar gogewa sai su karya mata farashi. Baƙin nan da ake ƙoƙarin kankarewa, shi ne abin da mai saye yake nema ya gani.