Fim ɗin 1949 da ya tuna mini da jabun magani

Mu da muka tashi a zango, fim uku muka sani: na Indiya, na 'yan Cana masu faɗa, sai na kaboyi. Fim ɗin Turawan Ingila mara kala kuwa, da an saka sai mu ce surutu ne zalla mu tashi. To kwanakin baya zazzaɓi ya kwantar da ni, ina ta latsa waya har na faɗa kan The Third Man, wato "mutum na uku", wanda Carol Reed ya shirya a 1949 daga labarin marubuci Graham Greene. Na ce bari in leƙa minti goma. Wallahi sai da na ga ƙarshensa.

Labarin a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya yake, jim kaɗan bayan yaƙin duniya na biyu. Bama-bamai sun rugurguza garin, kuma ƙasashe huɗu sun raba shi suna mulki: Amurka, Birtaniya, Faransa da Tarayyar Sobiyet. Wani Ba'amurke marubucin ƙananan littattafai, Holly Martins, ya iso saboda amininsa na yarinta, Harry Lime, ya yi masa alkawarin aiki. Yana sauka aka ce ai mota ta kaɗe Harry, yau ma ake binne shi. Da ya shiga tambaye-tambaye sai ya ga bakin shaidu bai zo ɗaya ba: wasu sun ce mutum biyu ne suka ɗauke gawar, mai gadin gida ya ce uku ne.

Tunda fim ɗin ya haura shekara 70, ba laifi in fasa ƙwan. Harry bai mutu ba, wani aka binne a madadinsa. Sana'arsa kuwa ita ce ta tayar mini da hankali. Ana sato masa fenisilin daga asibitocin soja, ya tsarma da ruwa, ya sayar a kasuwar bayan fage. Yaran da ke fama da sanƙarau aka yi wa allurar. Wasu suka mutu, wasu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu.

A nan na dakatar da kallo na ɗan jima. Wanene a cikinmu bai taɓa sayen maganin zazzaɓi ya sha kwana uku ba sauƙi, daga baya aka ce masa jabu ne ba? Ni dai ya faru da ɗan ƙanwata, kuma wanda ya sayar mana mutum ne mai fara'a da muke gaisawa kullum.

Wannan fara'a ita ce fim ɗin ya kama daidai. Orson Welles ne ya fito a Harry, kuma sai an yi kusan awa guda kafin a ga fuskarsa: yana laɓe a bakin wata ƙofa da dare, kyanwa na shafa takalminsa, sai hasken taga ya faɗo masa a fuska, ya yi wani murmushi irin na yaron da aka kama da hannu a tukunya. Kai mai kallo, da ka san abin da ya aikata, sai ka ji kana son sa. Da suka hau ƙaton lilon nan mai juyawa na filin wasan Prater, ya nuna wa Holly mutanen da ke ƙasa sun zama ɗigo-ɗigo, ya tambaye shi ko zai ƙi fam dubu ashirin kan kowane ɗigo da ya daina motsi. Ba tsawa, ba zare ido, kamar mai cinikin goro.

Daga baya na bi sahun sauran finafinan zamanin, na gane abin ba tsautsayi ba ne. Ingila ta ci yaƙi amma talauci ya kama ta. Da kati ake sayen abinci, burodi ma da ba a taƙaita ba lokacin yaƙi sai da aka sa masa kati a 1946, nama kuwa sai 1954 aka sake shi. Inda kaya ya yi ƙaranci, 'yan sumoga ke samun gindin zama, su ne kuma suka cika finafinan. A They Made Me a Fugitive na 1947, Trevor Howard tsohon sojan sama ne da ya dawo ba abin yi ya shiga gungun 'yan fasa-ƙwauri. A Brighton Rock, wanda shi ma labarin Greene ne, Richard Attenborough ya fito a Pinkie, ɗan daba mai shekara 17 da reza a aljihu. The Blue Lamp na 1950 kuma, inda Dirk Bogarde ya harbe dattijon ɗan sanda, ya fi karkata ga yabon hukuma, shi ya sa bai shige ni kamar sauran ba.

The Third Man ya lashe babbar kyautar bikin Cannes a 1949, mai ɗaukar hotonsa Robert Krasker ya samu Oscar, sannan a 1999 cibiyar finafinai ta Birtaniya ta sa shi na ɗaya cikin finafinan ƙasar na ƙarni na 20. Kiɗansa duka mutum ɗaya ne, Anton Karas, da wani abin kaɗawa mai tsarkiya da yawa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne Holly. Ya daɗe yana kare amininsa, yana shirin barin gari ma, sai Manjo Calloway na sojan Birtaniya ya bi da shi ɗakin yaran a asibiti. Ba a nuna mana yaran ba, fuskar Holly kawai muke gani yana bin gadaje. Daga nan ya yarda a yi tarko da shi, kuma da hannunsa ya harbe Harry a cikin magudanar ruwa ta ƙarƙashin gari.

Bai samu godiya ba. Bayan jana'iza ta biyu, ya tsaya bakin hanyar maƙabarta yana jiran Anna, budurwar Harry da shi ma ya kamu da sonta. Ta taho daga nesa, tafiya mai tsawo, ganyaye na zuba. Greene ya so a ƙare da su tare, Reed ya ƙi, daga baya Greene ya amsa cewa Reed ne da gaskiya. Ta zo ta wuce shi ko kallo bai ishe ta ba, shi kuma ya kunna sigari.