Jinya Ko Kiwon Lafiyar Jama'a: Wanne Ɗalibi Zai Zaɓa?

Ɗalibin da ya gama sakandare a Kaduna bai samu gurbin likitanci ba yakan tsaya tsakanin hanyoyi biyu. Ma'aikacin jinya yakan yi shekaru yana koyo, sa'an nan ya yi aiki tare da likitoci a babban asibiti kamar na Barau Dikko. Shi kuwa ma'aikacin lafiyar jama'a, irin wanda ake horarwa a Maƙarfi, galibi ƙaramin asibitin da babu likita ake tura shi. Shi ke duba majinyaci, ya ba da magani bisa littafin ƙa'idoji, ya tura wanda ciwonsa ya tsananta gaba. Saboda haka kafin ɗalibi ya cika takarda, ya kamata ya tambayi kansa ko zai iya ɗaukar nauyin rai shi kaɗai da tsakar dare.